Fashin baƙi kan tsutsar ciki a 'yan kwikwiyo, da dalilin da ya sa ba a jiran sai an gan ta a kashi

Yawancin masu kiwon kare ba sa tuna maganin tsutsa sai ranar da suka ga wata doguwa fara tana motsi a kashin kwikwiyo ko a cikin aman da ya yi. To gaskiya duk wanda ya jira wannan ranar ya riga ya makara da makonni, kuma abin da ya fi damuna shi ne wadda ka gani ɗin ma ba ita ce mai saurin kisa ba. Akwai wata 'yar ƙarama da da wuya ka taɓa ganinta a kashi, tana maƙale a bangon hanji tana zuƙar jini, kuma tana iya gamawa da kwikwiyo ɗan sati 2 zuwa 3 tun kafin gwajin asibiti ma ya nuna tana nan.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, yaya za a yi kwikwiyon da ko ido bai gama buɗewa ba, bai taka ƙasa ba, bai ci komai ba sai nonon uwarsa, a ce wai yana da tsutsa? Amsar tana jikin karyar ne. Doguwar tsutsar nan da likitocin dabbobi ke kira Toksokara, wadda wasu ke ce wa macijin ciki, in babban kare ya haɗiyi ƙwanta ba kasafai take girma a hanjinsa ba, sai dai 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe su huda hanji su bi jini su je su laɓe a cikin tsoka da ƙoda da sauran sassan jiki, su yi kwanciyarsu har tsawon shekaru, ba sa girma ba sa mutuwa, kuma maganin tsutsa na shan lokaci ɗaya ba ya taɓa su a can. Karya tana ɗaukar ciki na kwana 63 ne ko kusa da haka. Da cikin ya kai wajen kwana 42 sai na kwancen nan su farka, su bi jini su ratsa mahaifa su shige hantar 'ya'yan da ke ciki. Ana haihuwa sai su wuce huhu, su hauro maƙogwaro, kwikwiyon ya haɗiye su, su sauka hanji su kama girma. Kafin ya wuce sati 3 da 'yan kwanaki sun zama manya har sun fara zuba ƙwai. Kenan da tsutsarsa ake haihuwarsa, ko da uwar tsaf-tsaf take, ko da an gwada kashinta ba a ga komai ba. Kuma a haihuwa ta biyu da ta uku ma haka za ta sake ba su, don ba duka ne ke farkawa a ciki ɗaya ba.

Ita doguwar ba jini take sha ba, abincin da ke cikin hanji take raba shi da shi, kuma babba tana kai santimita 10 har fiye da 15, to ka duba wannan tsawon ka kuma duba girman hanjin kwikwiyon da bai cika wata ba. Alamarta da kowa ya sani ita ce ciki ya yi tirtsetse, amma fa da yawa suna ganin haka su ce ai ƙoshi ne. Bambancin ba shi da wuya in ka sa hannu. Kwikwiyon da ya sha nono ya ƙoshi cikinsa da laushi, bayan ɗan lokaci ya saɓe, kuma bayansa da cinyoyinsa da nama. Mai tsutsa kuwa ciki ne kawai, kullum a kumbure, in ka shafa gadon baya ƙashi kake ji, gashin ya bushe ba ya sheƙi, yana yawan kuka, kashin yau da ƙarfi gobe ruwa-ruwa. Wani lokaci har da tari a makonnin farko, saboda hanyarsu ta cikin huhu ta bi. In sun yi yawa sosai sukan dunƙule su toshe hanji gaba ɗaya.

Mai kisan da na fara ambata ita ce tsutsa mai ƙugiya, Ankilostoma. Tsawonta bai wuce santimita 1 zuwa 2 ba, siririya ce, bakinta da haƙora, tana kama fatar cikin hanji ta yanka ta sha jini, tana kuma zuba wani sinadari da ke hana jinin daskarewa, shi ya sa in ta saki wurin ta koma wani, na farkon ya ci gaba da zuba. Ita ma daga uwa take zuwa amma ta nono, musamman a kwanakin farko na shayarwa, sannan tana iya huda fatar tafin ƙafa ko ta ciki ta shiga in suna kwance a ƙasa mai danshi. Bari mu ɗan yi lissafi don a ga girman abin. Tsutsa ɗaya tana iya jawo asarar jini har kusan kashi ɗaya cikin goma na mil (wato mililita, ma'aunin da ke jikin sirinji) a rana. Kwikwiyo mai nauyin kilo 1 duk jinin jikinsa bai fi mil 80 zuwa 90 ba. In yana da guda 100 a hanji, kuma wallahi wannan ba wani adadi ne mai yawa ba, yana iya rasa mil 10 a kowace rana. Ga shi nonon uwa ba shi da isasshen sinadarin ƙarfe da zai sa jikinsa ya mayar da gurbin jinin da sauri. Shi ya sa sai ka ga 'yan kwikwiyo sati na farko lafiya lau, ana shiga na biyu sun yi laushi, na uku ana ta ɗauke gawa ɗaya bayan ɗaya, mai su ya ce wai uwar ce ta danne su ko sanyi ne. Kuma tsutsar tana fara shan jini tun kafin ta isa yin ƙwai, ƙwan kan bayyana ne wajen sati 2 bayan ta shiga, to in an kai kashi lab a daidai wannan tsakanin za a iya cewa babu komai alhali jinin na ƙarewa.

Don haka ni dai a wurina duba dasashi ya fi duba kashi muhimmanci a wannan shekarun, kuma ko minti ɗaya ba ya ci. Ka ɗauki kwikwiyon ka fita da shi inda haske yake, ka ɗaga leɓensa na sama da yatsa. Na lafiya dasashinsa ja-ja ne mai haske, da danshi, in ka danna da yatsa wurin ya yi fari, kana ɗagawa launin ya dawo cikin daƙiƙa 2. Wanda jininsa ke ƙarewa za ka ga dasashin ya koɗe, harshen ma haka, in ka ɗan janyo fatar ƙasan ido cikinta fari fat. In ba ka tabbata ba ɗauko ɗan'uwansa mai kuzari ka haɗa bakunansu ka gani. Sai ka haɗa da kashi, in baƙi ne ƙirin mai danƙo to jini ne da ya narke a hanji. Kwikwiyon da ya yi fari haka, jikinsa da sanyi, yana numfashi sama-sama, ba ya iya kama nono, wannan ya wuce maganar bari in ba shi maganin tsutsa mu ga gobe. Asibiti za a kai shi a ranar, don sau da yawa sai an yi masa ƙarin jini ko ƙarin ruwa kafin maganin ma ya yi masa amfani.

Sannan akwai wasu guda biyu da ba tsutsa ba ne sam, ƙananan halittu ne masu ƙwayar halitta ɗaya da ido ba ya gani, amma su ne ke sa mutum ya yi ta ɗura maganin tsutsa zawo bai tsaya ba. Na farko koksidiya. 'Yan kwikwiyo da yawa suna ɗauke da ita ba tare da ta dame su ba, sai an samu abin da ya girgiza su, kamar yaye, ko canjin gida, ko doguwar tafiya, ko cunkoso a keji ɗaya, sai zawo ya ɓalle, ruwa-ruwa da majina, wani lokacin da ɗigon jini. Ta fi kama su daga wajen sati 4 zuwa wata 3. Na biyu jiyadiya, wadda take shiga ta ruwan sha ko ta lasar jikinsu da kashi ya taɓa. Kashin mai ita yakan zama taushi, launinsa ya koɗe, da maiƙo-maiƙo da wari mai ƙarfi, yau ya tsaya jibi ya dawo, kwikwiyon yana cin abinci amma ba ya ƙara nauyi. Maganin pirantel da ake ba wa 'yan sati 2 ba ya yi wa ko ɗaya cikinsu komai. Koksidiya maganinta daban ne, ko dangin salfa na kwanaki da dama ko toltrazuril. Jiyadiya kuma fenbendazol ake ba ta na kwana 3 zuwa 5, ko metronidazol, kuma a yi wa kwikwiyon wanka a ranar ƙarshe ta magani musamman wajen gindi da wutsiya, in ba haka ba zai lashe abin daga gashinsa ya sake kamuwa.

Tsila ita ce mai sauƙin ganewa kuma ita ce mafi ƙarancin haɗari. Za ka ga ƙananan gutsattsari farare kamar ƙwayar shinkafa suna motsi a kan kashi ko a manne a gashin gindi. Ta ƙuma take shiga, kwikwiyo yana cizon jikinsa ya haɗiye ƙuma mai ɗauke da ita. Maganinta prazikwantel ne, amma in ba a kashe ƙumar ba cikin sati 3 ta dawo, kuma ƙumar ita kanta in ta yi yawa tana shan jinin da zai iya kayar da ɗan ƙarami. Tsutsar bulala kuwa sai ta yi kusan wata 3 a ciki kafin ta fara ƙwai kuma ba ta bi ta uwa, saboda haka ba maganar 'yan jarirai ba ce, sai sun tasa. Af, da na tuna, jan gindi a ƙasa da kowa ke cewa tsutsa ce, sau da yawa wasu 'yan jakunkuna ne biyu a gefen dubura suka cika suna damunsa.

Wani abu da nake roƙo kar a yi sakaci da shi, ba kowane zawo mai jini ba ne na tsutsa. Kwikwiyo ɗan sati 6 zuwa wata 6 da bai gama rigakafi ba, ya daina cin abinci farat ɗaya, yana ta amai ko ruwa ba ya zama, ya kwanta ba ya son tashi, sannan zawo mai jini mai mugun ƙarni ya biyo baya, a fara zargin cutar parbo. Ita ƙwayar bairos ce, maganin tsutsa ba ruwansa da ita, kuma tana kisa cikin kwanaki kaɗan in ba a samu ƙarin ruwa ba. Abin takaicin ma sau da yawa tare suke zuwa, hanjin da tsutsa ta riga ta yi wa rauni parbo ta fi yi masa kaca-kaca. Haka kuma kwikwiyon da ya daɗe yana zawo sai kuma ya koma amai ba tsayawa yana yunƙuri ba abin da ke fita sai ɗan jini da majina, yana iya zama hanji ne ya shige cikin ɗan'uwansa, wannan sai tiyata.

To ta yaya ake tabbatarwa? Gwajin kashi ne, kuma ba abu ne mai wahala ba. Ka ɗebi sabon kashi na ranar, kamar cikin ƙaramin cokali, wanda bai haɗu da ƙasa ba, ka sa a roba mai murfi ko leda mai tsabta. In ba za a kai da wuri ba a ajiye a wuri mai sanyi amma kar ya daskare, kuma kar ya wuce kwana ɗaya. A lab sai su dama shi a cikin ruwan gishiri ko na sukari mai kauri, su tace, su zuba a kwalba har baki su ɗora ɗan gilashi a sama, ƙwayayen da yake sun fi ruwan rashin nauyi sai su taso su manne a gilashin, a ɗauka a duba a madubin likita. Kowace da kamanninta, ƙwan doguwar zagayayye ne mai kaurin ɓawo da duhu a tsakiya, na mai ƙugiya dogo-dogo ne mai siririn ɓawo, koksidiya kuma ƙanana ne sosai a kansu. Amma a riƙe wannan, in gwaji ya ce akwai to akwai, in ya ce babu ba lallai babu ba. Tsutsar da ba ta balaga ba ba ta ƙwai, jiyadiya ba kullum take fita a kashi ba shi ya sa ake haɗa na kwana 3 ko a yi mata nata tes na musamman, tsila ma da wuya ta fito a irin wannan gwajin. In ka ga tsutsa da idonka ka ɗauke ta hoto ko ka sa ta a kwalba ka tafi da ita, ya fi dogon bayani.

Saboda duk wannan ne likitocin dabbobi ba sa jiran gwaji ko alama kafin su fara, da kalanda ake aiki. Ana ba da na farko a sati 2 da haihuwa, a maimaita a sati 4, da 6, da 8, wasu suna ci gaba da haka har sati 12, daga nan sai wata-wata har ya cika wata 6. Mutane da yawa suna ganin wannan ya yi yawa, wai ai na ba shi sau ɗaya kuma na ga sun fita. Matsalar ita ce maganin yana aiki ne a kan waɗanda suka riga suka iso hanji kawai. A ranar da ka ba shi akwai wasu a hanta, wasu a huhu, wasu ma suna cikin nonon da zai sha da daddare. Nan da kwana 14 sun iso sun maye gurbin waɗanda suka fita, kuma ana so a tare su kafin su fara ƙwai su cika wurin. Wanda ya bayar sau ɗaya ya tsaya, rukuni ɗaya kawai ya kora.

A sati 2 abin da aka fi amfani da shi pirantel ne na ruwa, don kusan ba ya shiga jini, a cikin hanji yake tsayawa ya shanye jikin tsutsar ta saki ta fita da kashi, kuma yana kama doguwar da mai ƙugiya duka. Ma'auninsa da aka saba miligiram 5 ne ga kowane kilo. Fenbendazol shi ma yana da aminci, miligiram 50 ga kowane kilo amma shi kwana 3 a jere ake bayarwa. Piperazin da har yanzu ake sayarwa da sunan maganin tsutsa doguwar kawai yake taɓawa, mai ƙugiya ko a jikinta, to wanda ya dogara da shi ya bar mai kisan a ciki. Sannan kar wanda ya ɗauki adadin mil daga bakin wani ya yi aiki da shi, a karanta jikin kwalba. Wani ruwan pirantel ɗin yana da kusan miligiram 5 a kowane mil, wani kuma 50, ninki goma kenan a cikin sirinji iri ɗaya. Likita shi ya kamata ya lissafa maka na farko ya nuna maka inda za ka tsaya a jikin sirinjin.

Kuma dole a auna nauyi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan kam kimar ido ba ta isa ba, don a cikin haihuwa ɗaya sai ka samu wani ya kusa ninka wani. Ƙaramin sikeli da kwano sun wadatar, a sa kowanne a rubuta, kuma a sake aunawa duk ranar magani tunda suna girma da sauri, adadin sati 2 ya yi kaɗan a sati 4. Aunawar ma tana da wani amfanin, kwikwiyo lafiyayye kullum yana ƙaruwa kuma yakan ninka nauyin haihuwarsa cikin kwana 10 ko kusa, duk wanda sikeli ya nuna ya tsaya kwana biyu a sa masa ido. Wajen bayarwa kuma a riƙe shi yadda yake kwanciya shan nono, cikinsa ƙasa, kar a kwantar da shi rigingine. A cire allurar sirinji, a sa bakin ta gefen kumatu, a dinga matsawa kaɗan-kaɗan ana barinsa ya haɗiye. In aka tura gaba ɗaya cikin maƙogwaro zai iya shaƙewa ruwan ya faɗa huhu, wannan kuma wata cutar ce daban.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne ɗauko maganin wasu dabbobi. Ibamektin na allurar shanu yana da ƙarfi sosai, ɗigo kaɗan ya wuce kima ga ɗan kwikwiyo, ga shi shingen da ke kare ƙwaƙwalwarsu daga magani bai gama ƙwari ba, sai ka ga yana tangaɗi, miyau na zuba, ido ya buɗe ba ya gani, daga nan sai suma. Wasu jinsunan kamar koli da danginsu na karnukan kiwon tumaki ma suna da wani gado a jininsu da ke sa ko manyansu ba sa jure shi. Albendazol da mutane da awaki ke sha yana iya danne ɓargon kare ya hana shi yin jini. Lebamizol tsakanin adadin da ke magani da wanda ke guba ɗan taƙi ne. Metronidazol in ya yi yawa ko aka daɗe ana bayarwa yana taɓa ƙwaƙwalwa, kare ya dinga layi ido na rawa. Tafarnuwa kuma da ake yaɗawa wai tana korar tsutsa, ba ta kora, abin da take yi shi ne fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ka ga kenan an ƙara wa mai ƙarancin jini ciwo. Hatta magungunan karnuka masu haɗi biyu ko uku da na kashe ƙuma, kowanne akwai mafi ƙarancin sati da nauyi a rubuce a kwalinsa, ba don ado aka rubuta ba.

Bayan an ba da magani kar a tsorata in an ga tsutsotsi suna fita kwana ɗaya ko biyu, wasu ma da ransu, ko kashi ya ɗan yi laushi. Rashin ganinsu ma ba ya nufin bai yi aiki ba, mai ƙugiya ba a ganinta, wasu kuma narkewa suke. Abin da ba daidai ba shi ne amai a kai a kai, ko ciki ya ƙara tauri yana kuka in an taɓa, ko ya ƙi nono gaba ɗaya. Ɗan ƙarami ba shi da ajiya, awoyi kaɗan ba ci sukarin jininsa ya faɗi jikinsa ya yi sanyi, don haka a ɗumama shi tukuna kafin a ba shi komai ta baki, kwikwiyo mai sanyi hanjinsa ba ya aiki. Wanda ya riga ya galabaita sosai da ciki cike da tsutsa ya fi kyau a yi masa maganin a gaban likita. Sannan yana da kyau a sake gwada kashi bayan kwana 10 zuwa 14. A Amurka an riga an tabbatar da tsutsa mai ƙugiya da ta daina jin magunguna da dama lokaci ɗaya, an fara lura da ita ne a karnukan tsere kafin ta bazu zuwa na gida, to ba kowane lokaci ne na ba da magani ke nufin an gama ba.

Uwar kuma kar a manta da ita, duk ranar da aka ba 'ya'yan a ba ta nata daidai nauyinta. Ita ke lashe kashinsu tana share su, to tana haɗiye ƙananan tsutsotsin da suka fito su girma a hanjinta, ta koma ita ce ke zuba ƙwai a inda suke kwana. Masu kiwo da gaske ma tun tana da ciki suke farawa, akwai tsarin ba ta fenbendazol kullum daga kwana 40 na ciki har bayan haihuwa, yana rage waɗanda ke ratsawa zuwa 'ya'yan sosai, amma wannan da likita ake tsara shi don ba kowane magani ne ya dace da mai ciki ba.

Maganar wurin zama tana da wani sirri mai daɗi. Ƙwan doguwar da ya fito yau ba ya iya kama kowa, sai ya yi sati 2 zuwa 4 a ƙasa kafin ya nuna. Na mai ƙugiya wajen mako guda yake buƙata a wuri mai ɗumi da danshi da inuwa. Kenan wanda ke kwashe kashi kullum ya yanke musu hanya ba tare da ya sayi komai ba. Amma in aka bari ya nuna, doguwar mace ɗaya tana iya zuba ƙwai har 200,000 a rana, ɓawonsa mai danƙo ne yana manne wa komai, kuma yana shekaru a ƙasa da ransa. Bilic ba ya kashe shi, yana dai cire danƙon a samu a wanke shi. Abin da ke kashe shi zafi ne, tafasasshen ruwa ko tururi ko rana mai ƙarfi a busasshen wuri. Shi ya sa daɓen siminti da ake wankewa ya bushe ya fi ƙasa ko yashi nesa ba kusa ba, tsummokaran shimfiɗa kuma a canza kullum a wanke da ruwan zafi. Koksidiya ita cikin kwana ɗaya ma ta nuna, jiyadiya kuwa tana fitowa a shirye take, don haka in su ne a gidan sai a dinga kwashewa ana yi ana ɗaukewa, kwanon ruwa kuma a ɗaga shi inda ba za su taka ciki ba.

Wannan kwashe kashin ba don karnuka kawai ba ne. Yaro ƙarami da ke wasa da ƙasa yana kai hannu baki in ya haɗiyi nunannen ƙwan doguwar, ba za ta girma a hanjinsa ba amma 'ya'yanta za su yi ta yawo a hanta da huhu, wani lokaci ɗaya ta faɗa ido ta lalata ganin wannan idon. 'Ya'yan mai ƙugiya kuma suna shiga fatar wanda ya taka ko ya zauna a ƙasa mai danshi, su bar wani jan layi mai lanƙwasa mai ƙaiƙayin tsiya da ke matsawa gaba kullum. Ba shafa kwikwiyo ne babban haɗarin ba, tsohon kashin da ya narke a ƙasa ne. A sa yara wanke hannu da sabulu bayan wasa, a hana kare yin kashi inda suke zama, in kuma an kai yaro asibiti da irin waɗannan alamun a gaya wa likita akwai 'yan kwikwiyo a gidan.

In kuma sayen kwikwiyo za ka yi ko ba ka aka yi, ka tambayi abu uku, sunan maganin da aka ba shi, ranakun da aka ba shi, da ko an ba uwar. An ba shi magani kawai ba amsa ba ce. In ba a iya faɗa maka ba ka ɗauka ba a taɓa ba shi ba, ka ɗaga leɓensa ka duba dasashi tun kafin ka bar wurin, ka ware shi da sauran karnukanka, kashinsa na farko a gidanka kuma ka sa a roba ka tafi da shi wurin likita tare da shi, a auna shi a fara lissafin sati bibbiyu daga ranar, a kuma tsara masa allurar rigakafi a zama ɗaya.